Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Ramukan Wilin Mota

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen wilin mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Panteka ta Kaduna, ya san tambayar da ake fara tarbarsa da ita: "Na wace mota?" In ya ce Corolla, ba a gama ba. Sai a ce, "Ta Amurka ko ta Beljiyam? Rami huɗu ko biyar?" Wanda bai saba ba zai ɗauka jan rai ne irin na 'yan kasuwa, tunda a ido wili duk wili ne: ƙarfe zagayayye, da babban rami a tsakiya, da ƙananan ramuka kewaye da shi. Amma mai shagon ya fi shi gaskiya. Corolla ta 2005 da aka ƙera don kasuwar Amurka rami biyar gare ta, wadda aka ƙera don Turai a wannan shekarar kuwa huɗu. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma ɗaya ba ta iya ara wa ɗaya safaya.

Abin mamakin shi ne duniya ta daɗe da daidaitawa a kan wasu abubuwan na ƙafar mota. Bakin da ake hura wa taya iska iri ɗaya ne daga Landan har Tawa, shi ya sa injin mai faci ɗaya yake yi wa kowace mota aiki. Girman wili ma an yarda a auna shi da inci, 14 ko 15 ko 16, har a ƙasashen da ba su amfani da inci a wani abu. Amma ramukan da suke riƙe wili a jikin ƙaramar mota, waɗanda ran fasinja yake rataye a kansu, ba a taɓa zama an tsayar musu da ma'auni ɗaya ba. Kowane kamfani ya gaji nasa. In aka bi sawun gadon kuwa, za a iske ya ratsa ta cikin yaƙi, da cinikin lasisi, da tsohuwar gasar da ke tsakanin inci da mita.

Lambobi biyu

Ana rubuta tsarin ramuka da lambobi biyu, misali 5×114.3. Ta farko yawan ramuka ce. Ta biyu kuma faɗin da'irar da za ta fito in aka zana layi ya bi ta tsakiyar kowane rami, a ma'aunin milimita. In ramukan huɗu ne ko shida, awon ba wuya: a ɗora ma'auni daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda yake fuskantarsa. In biyar ne, babu ramin da yake fuskantar wani, sai a auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta a ninka da 1.7. A wili mai 114.3 tazarar maƙwabtan milimita 67.2 ce, a mai 112 kuwa 65.8. Bambancin bai kai kaurin ashana ba.

Duba lambar nan 114.3 da kyau. Babu injiniyan da zai zauna da ma'aunin mita ya zaɓi irin wannan lamba mai jela. Inci huɗu da rabi ce aka mayar milimita. Haka 139.7, inci biyar da rabi ce, 165.1 ta tsohuwar Land Rover kuma inci shida da rabi. Su kuwa 98, da 100, da 112, da 120, da 140, an haife su ne a ma'aunin mita. Da jin lambar wili, mutum zai iya canka ɓangaren duniyar da kakanninsa suka fito.

Zamanin da ba a cire ƙafar mota

Motocin farko sun gaji ƙafarsu ne daga keken doki: wili na itace, an kafa shi a jikin mota ba don a riƙa cire shi ba. Matsala ta fara ne da zuwan taya mai iska. John Boyd Dunlop ya yi tasa a Belfast a 1888 don keke, 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da wadda ake iya cirewa a 1891, sannan a 1895 suka sa ta a mota. Tafiya ta yi laushi, amma titunan lokacin cike suke da ƙusoshin da suke faɗowa daga takalman dawaki. In taya ta yi faci, direba zai durƙusa a bakin hanya ya ɓamɓare ta daga wilin da yake maƙale a mota, ya liƙe, ya mayar, ya hura da famfon hannu.

A 1904 wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da Walter Davies, masu shagon kayan ƙarfe a titin Stepney na garin Llanelli a yankin Wales, suka yi dabara. Suka ƙera zoben ƙarfe ɗauke da taya a hure, wanda ake maƙala shi a gefen ƙafar da ta yi faci, mota ta lallaɓa zuwa gida. Abin ya karɓu har ya bar suna: a Indiya da Pakistan da Bangladesh, har yau "stepney" suke ce wa safaya.

Bayan shekara biyu, a watan Yunin 1906, aka yi babbar tseren motoci ta Faransa a kusa da Le Mans, kwana biyu ana gudu cikin zafin da yake cinye taya. Michelin ya ba wasu motocin zoben wili da ake kwancewa da notuna, a cire shi tare da tayarsa a sa wani. Aikin da yake cin kusan kwata na awa ya koma na 'yan mintoci, kuma Ferenc Szisz, wanda ya ci tseren a motar Renault, yana cikin masu amfani da shi. Daga nan kamfanin Rudge-Whitworth na Ingila ya fito da wili sukutum da ake cirewa da babban noti guda ɗaya a tsakiya. Da an tsaya a kan wannan, da watakila babu zancen ramuka. Amma yana da tsada, don sai an yi wa kan ƙafar da cikin wilin haƙora masu shiga juna daidai. Wili na farantin ƙarfe da ake bugawa a inji, a huda masa 'yan ramuka, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi ya yi nasara a shekarun 1920 da 1930. A lokacin ne kowane kamfani ya ɗauki ma'auninsa ya huda inda ya ga dama, ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba.

An daidaita noti, an bar ramuka

Ba wai masu masana'antu ba su san amfanin daidaito ba. Tun 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Birtaniya zaren ƙusa iri ɗaya, wato murɗin nan da noti yake bi, don notin wannan masana'anta ya shiga ƙusar waccan. A 1864 William Sellers ya tsara wa Amurka nata, wanda ya ɗan bambanta. Ɗan bambancin nan ya wahalar da su a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da notin Amurka ya ƙi shiga kayan yaƙin Ingila alhali suna sahu ɗaya. Bayan yaƙi, a 1949, Amurka da Birtaniya da Kanada suka haɗu a kan zare ɗaya. A 1959 kuma aka tsayar cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif.

Ramukan wili ba su samu irin wannan zama ba, saboda babu wanda rashin daidaiton yake ci wa tuwo a ƙwarya a cikin masu ƙerawa. Mai mota a Faransa in wilinsa ya lanƙwashe, dillalin kamfanin yana nan kusa. Shi kuma kamfani, canza tsari yana nufin canza injinan huda, da kan ƙafa, da gangar birki, da duk kayan gyaran da ke ajiye a shaguna. Ga kuma dalilai na aiki: mota mai nauyi tana buƙatar ƙusoshi da yawa a da'ira mai faɗi, ƙarama kuwa uku ma sun ishe ta. Citroën 2CV da Renault 4 da Peugeot 404 duk da ƙusa uku suka yi zamaninsu. Tsohuwar Volkswagen mai kama da kunkuru ta yi amfani da ramuka biyar a da'irar milimita 205, can kusa da bakin wili, har zuwa 1967, sannan ta koma huɗu a 130.

Yadda inci biyar da rabi ya zaga duniya

Labarin 139.7 ya isa misali. A ƙarshen 1927 Ford ya fito da motarsa Model A, da ƙusa biyar a da'irar inci biyar da rabi. A 1929 ya ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet ya taimaka aka gina masana'anta a Nizhny Novgorod, wadda a 1932 ta fara fitar da GAZ-A, wato Model A da sunan Rasha. Rashawa suka ci gaba da ƙera nasu motocin, amma ramukan suka zauna. Jif ɗin soja ta UAZ da Lada Niva ta 1977 duk 5×139.7 ne. Ƙasar da ta shafe shekaru arba'in tana zaman doya da manja da Amurka, kuma take auna komai da mita, ta riƙa ɗaure ƙafar motocin sojanta a kan incin Ford.

Wannan tsarin ne kuma a jikin jif ɗin sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu. Willys da Ford sun ƙera kusan 640,000 tsakanin 1941 da 1945, kuma sojoji sun gindaya sharaɗin cewa kayan wannan su shiga waccan. Har 'yar tirelar da jif take ja wili ɗaya suke sawa, don safaya guda ta wadatar da su. Soja ya san abin da ɗan kasuwa bai damu da shi ba: a daji, wilin da ba ya shiga motar abokin tafiyarka nauyi ne kawai.

Japan ma ta wannan ƙofar ta shigo. Injin farko na Toyota an kwaikwaye shi ne daga na Chevrolet. Bayan yaƙi Mitsubishi ya sayi lasisin ƙera jif a 1953, Nissan ya ƙera Austin ta Ingila, Isuzu ya ƙera Hillman. Shi ya sa, duk da Japan ƙasar mita ce, manyan tsare-tsarenta na inci ne: 114.3 a Camry da Accord da dangoginsu, da 6×139.7 a Hilux mai jan ƙafa huɗu da Prado da Pajero, wanda shi ne tsarin da akori-kurar Chevrolet ta daɗe da shi. A ɗaya ɓangaren, ƙananan motocin Lada 4×98 ne, don daga Fiat 124 ta Italiya aka samo su, bisa yarjejeniyar 1966. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ko da kuwa a wata ƙasa aka ƙyanƙyashe shi.

Daga zamanin Fijo zuwa zamanin Kwatano

A ƙasar Hausa an taɓa yin wani lokaci da wannan magana ba ta dami kowa sosai ba. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975. Gwamnati ta mayar da 504 motar ofis, masu haya suka rungumi doguwar, mai kujeru layi uku, har sunan Fijo ya kusa zama ma'anar ƙaramar mota. Ita 504, da ƙanwarta 505, ramuka huɗu gare su a da'irar 140. Direban da tayarsa ta fashe sau biyu tsakanin Zariya da Funtuwa yana iya tsayar da kusan duk ɗan'uwansa na tasha ya ari safaya. Babu dokar da ta kawo wannan sauƙin, rinjayen mota ɗaya ne ya kawo shi.

Shi wannan 4×140 baƙon tsari ne a duniya. Bayan Peugeot, sanannen kamfanin da ya yi amfani da shi shi ne Subaru, a tsofaffin motocinsa na shekarun 1970 da 1980. Har aka wayi gari masu tsohuwar Subaru a Amurka da Ostireliya suna bin wuraren da ake yanka motoci suna neman wilin 504 da 505, saboda ya fi nasu girma.

Sauyin ya zo ne bayan 1986, lokacin da tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwar motocin hannu ta buɗe, waɗanda ake lodowa daga Beljiyam da Jamus, daga baya da Amurka, a sauke a Legas ko Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su shigo ta Maraɗi ko Ƙwanni. Cikin 'yan shekaru tasha ɗaya ta tara tsare-tsaren da a ƙasashensu ba su cika haɗuwa ba. Tsohuwar Golf da ƙananan Opel 4×100. Accord ta farkon shekarun 1990 4×114.3. Sharan da Marsandi 5×112. Camry da Sienna 5×114.3. BMW 5×120. Hiace ta bayan 2004 6×139.7. Ita kanta Peugeot ta bar tsarinta: 406, wadda ita ma aka haɗa a Kaduna, 4×108 ce, don haka wilin 504 ba ya shiga ta duk da cewa rami huɗu ne kuma gida ɗaya suka fito.

Ko mota ɗaya ba ta tsayawa wuri guda. Golf ta fara da 4×100, ta huɗu ta koma 5×100, ta biyar 5×112. Land Cruiser ta yi shekaru da ramuka shida a 139.7, a 1998 ta koma biyar a 150, a 2021 kuma ta dawo shida a 139.7, amma da ƙusa mai kauri da ramin tsakiya dabam da na Hilux. Kamfanonin da suka yi waɗannan sauye-sauye ba su yi lissafin Kano ko Damagaram ba. Amma a nan ne duk tsare-tsaren suke taruwa, kuma bakanike da mai faci ne aka bar wa aikin warware su, mafi yawa da ka, ba littafi.

Inda haɗarin yake

Wilin da ya bambanta sosai ba ya cutar da kowa, don ba zai shiga ba ma. Mai rami huɗu ba ya hawa ƙusa biyar. Wanda ake tsoro shi ne na kusa-kusa: 98 da 100, ko 112 da 114.3, ko 114.3 da 115 na wasu motocin Amurka, ko 120 na BMW da 120.65 na tsofaffin Chevrolet. Ramin wili ya fi ƙusa faɗi kaɗan, saboda haka irin wannan yana zurawa, noti ya kama, a ɗaure tamau, mai mota ya biya ya tafi.

Abin da yake faruwa a ciki shi ne wannan. Bakin yawancin notuna a tsuke yake kamar mazurari, ramin wili ma an yi masa mazauni daidai da shi, don noti ya zauna ta ko'ina ya matse wili da kan ƙafa. Matsewar nan ce take ɗaukar nauyin mota. In aka sa wilin 112 a ƙusoshin 114.3, kowace ƙusa ta kauce wa tsakiyar raminta da milimita ɗaya da 'yan kai. Noti zai taɓa gefe ɗaya kawai, ya lanƙwasa ƙusar yayin da ake ɗaure shi. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita, wato daga Kano zuwa Kaduna sama da sau 100,000, kuma a kowane juyi nauyi yana hawa ƙusar ya sauka. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen wannan. Ƙusa ɗaya ta karye, sauran su ɗauki kayanta, su ma su bi ta. Da yawa alamar farko ita ce rawar sitiyari, wadda ake ɗora wa laifin rashin saitin taya.

Ko ramukan sun dace cif, da saura. Na farko ramin tsakiya, wanda yake zama a kan ƙafar. Toyota da Honda da Nissan da Mazda duk suna da motoci masu 5×114.3, amma ramin tsakiyarsu 60.1 ne, da 64.1, da 66.1, da 67.1. Wilin Mazda zai hau Toyota ya bar sarari, wanda ake cikewa da zoben da aka yi don haka. Na Toyota kuwa ba zai zauna a Mazda ba, kuma in aka matsa shi da noti zai tsaya a karkace. Haka Peugeot da Ford: dukansu suna da 4×108, amma tsakiyar ɗaya 65.1, ɗaya 63.4.

Na biyu zurfin wili, wanda ake bugawa a jikinsa da haruffan ET da lamba, al'adar da aka samo daga Jamusawa. Ita take nuna ko wili zai shige ciki ko zai turo waje. In ya shige da yawa ya goga birki, in ya turo da yawa ya ci boris ya goga jikin mota. Na uku shi kansa notin. Na Honda da Volkswagen da Marsandi mazauninsu zagaye ne kamar gindin ƙwarya, na yawancin sauran a tsuke, na wilin alminiyam na Toyota kuma shafaffe ne da wasa. Zaren ma ya bambanta: Toyota da Honda da Mazda suna da iri ɗaya, Nissan da Subaru da Suzuki suna da wanda ya fi shi sirantaka. Notin Toyota zai fara hawa ƙusar Nissan, ya yi juyi ɗaya ko biyu ya cije, in aka tilasta shi ya cinye zaren. Na huɗu nauyi: wilin ƙaramar mota ba a yi shi don bas mai fasinja goma sha takwas da buhuna a sama ba, ko da ramukan sun hau.

Wannan ne ya sa dabarar faɗaɗa rami da magagari, ko huda sababbi a tsakanin tsofaffi ba tare da injin awo ba, take da mugun hatsari: tana share mazaunin noti, ta bar wili ba shi da abin da zai tsayar da shi a tsakiya. Haka ɗaure noti da dogon bututu a hau kai da ƙafa, yana miƙar da ƙusa har ta rasa ƙarfinta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wilin aro in ya zama dole, na kaiwa gari ne a hankali.

Manyan motoci sun fi kusa da haɗuwa

Inda aka samu daidaito shi ne a manyan motoci, don a nan masu saye kamfanonin sufuri ne masu motoci ɗaruruwa, kuma tirela ɗaya kawuna dabam-dabam suke jan ta. Turai ta tsaya a kan ramuka goma a da'irar 335, aka shigar da shi cikin ƙa'idojin hukumar daidaita ma'auni ta duniya. DAF da MAN da Marsandi da Iveco duk a kansa suke. Manyan motocin Sin irin su Howo ma haka, don masana'antarsu ta tashi ne a kan fasahar Steyr ta Ostiriya da ta saya a 1983, Steyr ɗin nan da aka sani a Bauchi. Amurka kuwa ta riƙe incinta: ramuka goma ne su ma, amma a da'irar 285.75.

Japan ta daɗe da nata tsarin, wanda a cikinsa notunan ƙafafun hagu baibai ake ɗaure su, bisa tunanin kada juyawar taya ta kwance su. Motocin Chrysler na Amurka ma sun yi haka har wajen 1970. Shi ya sa a jikin ƙusoshin hagu na tsofaffin Canter da irinsu ake ganin harafin L, kuma yaron motar da bai san wannan ba zai yi ta ƙara ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har ƙusa ta tsinke. Daga 2010 Japan ta mayar da sababbin manyan motocinta kan tsarin duniya. Duk da haka rahotannin ma'aikatar sufurinta sun ci gaba da nuna ficewar ƙafa a kan hanya, galibi ta baya ta hagu, kuma galibi ba da daɗewa ba bayan an canza taya. Wato daidaita ramuka bai ɗauke wa kowa aikin goge tsatsa, da ɗaure noti gwargwado, da sake duba shi bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ba.

Abin da ya rage

A ƙananan motoci, abin da taro bai yi ba kasuwa tana yinsa sannu a hankali. Kamfanoni suna haɗewa, suna gina motoci iri-iri a kan gindi ɗaya, suna sayen kaya wurin masu ƙera guda. BMW ya bar 120 ɗinsa ya koma 112 na Marsandi da Volkswagen a sababbin motocinsa. Hyundai da Kia na Koriya sun bi 114.3 na Japan. Ramuka uku sun kusa ɓacewa, huɗu sun koma na ƙananan motoci. Amma motar da aka ƙera yau sai ta shekara goma ko fiye kafin ta iso yawancin tashoshinmu, kuma in ta iso za ta tarar da na shekaru talatin baya suna nan suna aiki. Mu ne za mu fi kowa daɗewa da wannan gado.

Saboda haka sanin da ke kan tsofaffin masu sayar da wili, waɗanda suke gane na Sharan daga na Camry da kallo ɗaya, ya cancanci a rubuta shi a liƙa a bangon kowane gareji da rumfar mai faci: sunan mota, shekara, ƙasar da aka yi ta dominta, ramuka, tsakiya, zare. Takarda ɗaya ta isa. Mai mota ma yana da nasa: ya san lambobin motarsa kamar yadda ya san lambar da ke goshinta, kuma ya gwada safayarsa a gida, don motocin hannu da yawa suna zuwa da safayar da ba tasu ba.

Su kuwa tsofaffin tsare-tsaren, ba su mutu ba. In aka yanka mota, masu walda sukan saye ƙarfen ƙafafun baya da wilinsa su ɗora masa katako. A hanyoyin ƙauyukan Katsina da Jigawa da Maraɗi, a ƙarƙashin amalanken shanu mai ɗauke da taki ko damman gero, mai lura zai iya ƙirga ramuka huɗu masu faɗin tazara, irin na 504, suna ci gaba da juyawa shekaru bayan an daina haɗa motar a Kakuri.